Ranar da Jiniyar Garinmu Ta Yi Kuka Ba Wanda Ya Taɓa Ta

Ku 'ya'yana, da jikokin da suka fara wayo, na san kowannenku ya ji labarin barinmu gida ta bakin wani. Waɗansu sun ce muku korarmu aka yi. Waɗansu sun ce na fifita bare a kan ɗan'uwana ciki ɗaya. Akwai ma wadda ta tari 'yar'uwarku Rabi a gidan biki ta ce mata ni na yi ajalin kakarku. Lokacin da abin ya faru duk kun watse, masu aure suna ɗakunansu, masu neman abinci suna Kano da Kaduna, waya kuma ba ta tafiya. Da kuka zo gaisuwa ban iya buɗe baki ba. Yanzu da idona ya fara gajiya da duban ƙananan wayoyi, bari in faɗa muku yadda aka yi tun ina da sauran ƙarfin tunawa. Sunan garin ba zan kama ba. Kun san shi, can tsakanin Moriki da Zurmi, kuma mutanensa suna da haƙƙin maƙwabtaka a kaina har gobe.

Gyaran rediyo na koya ina saurayi a Kaura Namoda, a wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa, sannan na koma gida na buɗe nawa a bakin kasuwa. Na yi zamani da rediyo, na yi da kaset, da waya ta zo na koma kanta, da sola ta zo na koma haɗa wa mutane fitila da wurin caji. Ba wanda ya taɓa kirana da wani suna in ba Isiyaku Mai Rediyo ba. Sai aka shiga shekarun da kuka sani, na 'yan bindiga. Da farko waya ce ke cetonmu, wanda ya hango babura daga daji sai ya kira, magana ta zaga gari. A shekarar da aka katse layin waya a yankinmu gaba ɗaya, muka zama kamar makafi a bakin rijiya. Maigari ya aiko aka kira ni, ya ce ko akwai abin da ilimina zai yi wa gari. Na ce akwai. Na haɗa jiniya: ƙahon lasifika irin na masallaci a kan dogon ƙarfe a tsakiyar kasuwa, farantin sola a samansa, batir da kayan haɗi a cikin akwatin ƙarfe a ƙasan farantin. Daga akwatin na ja doguwar waya har bakin gari ta gabas, inda hanyar daji ta shigo, na sa makunni. Duk wanda ya danna shi, gari zai ji.

Gidan ƙarshe ta gabas na Jabbi ne, shi ya sa aka sa makunnin a zaurensa. Manyanku sun san Jabbi. Bafulatani ne, amma a garin aka yanke masa cibiya, kamar ubansa. Gonarsa tana iyaka da tamu, tare muka yi karatun allo, shanunsa ne ke kwana a gonar baffanku Mamman da rani su ba ta taki. Shi kansa ɓarayin sun kore masa garke sun bar shi da 'yan tsofaffin shanu. Ranar da aka ce a zaurensa za a sa makunni ba wanda ya ɗaga murya. Da damina ya danna shi, da kaka ma ya danna, kuma duka gaskiya ne. Mutane suka gudu suka tsira, ɓarayin suka tarar da gari ba kowa. A lokacin har addu'a ake yi mana ni da shi a masallaci.

Ranar da nake ba ku labari tsakiyar bazara ce, irin zafin da kaza ke buɗe baki a inuwa. An sallame azahar ke nan, ina shago, sai jiniya ta ɗauka a kaina. Na tuna kukan bai yi mini daidai ba. Yana yankewa yana dawowa, kamar mai shaƙuwa. Amma wa zai tsaya sauraron muryar jiniya? Na bar shago a buɗe na ruga gida na jawo innarku. Gari ya kife yamma, wajen busasshen gulbi inda muka saba ɓuya. Mata da goyo, yara ba takalmi a kan yashi mai ƙuna, wani ya ɗauko akuya ya manta ɗansa. Kakarku Iya tana gidan baffanku Mamman, ƙafafunta sun daɗe da daina ɗaukarta. Na hango shi ya goya ta da rawaninsa yana gudu, shi ma mai furfura. Na cim masa muka riƙa karɓa-karɓa. Kafin mu kai gulbi na ji hannunta da ke wuyana ya saki. Muka kwantar da ita a gindin wata kanya, innarku tana yi mata fifita da mayafi, babu ko ɗigon ruwa a hannun kowa. Ta buɗe ido ta dube mu, ta motsa baki da kalmar shahada, shi ke nan. A can nesa jiniya ta yi shiru. Muka kasa kunne muna jiran harbi. Ba harbi, ba ƙarar babur, ba hayaƙi. Sai kukan kurciya kawai.

Da la'asar samari suka lallaɓa suka leƙa, suka dawo suka ce ba kowa. Muka ɗauko Iya muka shigo gari. A tsakiyar kasuwa muka tarar da mutum ɗaya tak, zaune a gindin ƙarfen jiniya, wuƙa a hannunsa, yankakkiyar wayar ƙaho tana lilo a kansa. Jabbi ne. Ya miƙe da ya gan mu, ya ga abin da muke ɗauke da shi, wuƙar ta faɗi.

"Innā lillāhi," ya ce. "Malam Isiyaku, wallahi ban taɓa ta ba. Ina kwance na ji ta. Na fito ina kiran mutane ba wanda ya waiwayo. Na hau na yanke ta don ta yi shiru."

Muka wuce muka yi wa Iya sutura. Kafin a dawo daga maƙabarta magana ta riga ta nuna. An ce awakin wane ba su cika ba. An ce an ga sawun babur a bayan gidan Jabbi. An ce me ya hana shi gudu in ba ya san ba abin da zai same shi ba? An ce gwaji ne, mutanen daji suka sa shi ya danna don su ga inda muke ɓuya. Kalmar nan da ta cinye mutane da yawa a ƙasarmu ta fito: infoma. Jabbi ya zo zai shiga sahun gaisuwa a ƙofar gidan baffanku. Ina zaune ina gani Yaya Mamman ya miƙe, mutumin da ban taɓa ganin ya daki ko jaki ba, ya ɗauki ƙotar fartanya ya sauke masa a gefen kai. Samarin sintiri suka rufa masa. Da ƙyar Maigari ya ƙwace shi ya kulle a ɗakin zaurensa. Samarin suka ce sun ji, za su bari a kwana, amma gobe za su raka shi bayan gari. Kowa ya san abin da rakiya bayan gari take nufi. Ni kuwa ina zaune a tabarma, ban tashi na kare shi ba, domin ni ma ban san abin da zan gaskata ba. Uwata ce aka binne.

Washegari da sassafe na sauko da akwatin na kawo gida. Ba don in wanke Jabbi na yi ba, so nake zuciyata ta tsaya a wuri ɗaya. Na haɗa shi da batir a tsakar gida, na cire ƙahon don kada ya firgita mutane, na ɗora mita. Komai lafiya. Wuta daidai, ba wayar da ta haɗe da wata, ba ƙwaron da ya shiga. Na auna na sake aunawa. In akwati lafiya yake, to hannu ne ya danna. Mutumin da muka ci tuwo a akushi ɗaya! Na bar kayan nan a inda suke, na koma inuwar zaure na zauna na dafe kai. Ban san tsawon zamana ba. Rana ta taso ta cika tsakar gida, ta hau kan akwatin.

Innarku tana da 'yar rediyonta da ba ta rabuwa da ita ko da makoki, tana rataye a jikin turken shanya, muryar can ƙasa-ƙasa. Sai na ji ta ƙwala mini kira.

"Malam, zo ka ji rediyon nan. Tun ɗazu take fito awa an taka ɗan tsako."

Na fito a gajiye. Rediyon tana wani siririn fito mai huda kunne. Na ɗauke ta na nufi ɗaki, fiton ya ragu. Na dawo kusa da akwatin, ya ƙaru. Na durƙusa na kara kunne, sai na ji ɗan makunnin cikin akwatin, wanda ke kunna ƙaho, yana ƙas-ƙas-ƙas shi kaɗai. Babu waya ko ɗaya da ta haɗa shi da zauren Jabbi, na kwance ta na baro ta a kasuwa. Na taɓa murfin, ya ƙona mini yatsa. Da ƙahon yana jone, da a wannan lokacin gari ya sake kifewa.

Bari in bayyana muku abin da ya faru, don ku ma ku iya bayyana wa wani. Batirin sola yana ba da wuta bolt sha biyu, ya ɗan haura in rana ta take. Ɗan allon lantarki na cikin akwati da ke sauraron makunni kuwa bolt biyar yake so, ba ƙari ba ragi. Tsakaninsu akwai wani baƙin abu mai ƙafa uku, regileta, aikinsa ya rage wutar ya riƙe ta wuri ɗaya. Kullum yana duban abin da ya fitar, in ya yi ƙasa ya ƙara, in ya yi sama ya rage. Amma yana da gaggawa. In babu mai tausasa shi sai ya ƙara ya zarce, ya rage ya zarce, ya yi ta kai da komo sau dubbai kafin ƙiftawar ido. Mu masu gyara cewa muke ya kama rawa. Abin da ke hana shi rawar nan shi ne kafasita da ake sa masa a bakin mafita, ɗan gwangwani kamar ƙwayar gyaɗa, mai riƙe wuta kaɗan ya cike giɓi nan take. A cikinsa takarda ce naɗaɗɗiya jiƙe da wani ruwa. Na sa madubin ƙara girma na duba nawa, sai na ga kansa ya ɗan kumbura, gindinsa da wani farin ɓawo. Wata da watanni yana dahuwa a akwatin ƙarfe cikin rana, ruwan ya ƙafe. Da safe, regileta da sanyinsa, yana iya daurewa da ɗan abin da ya rage. Da ya ɗau zafi sai ya ɓalle da rawa, wutar ta yi ta tsalle, allon ya ɗauka an danna makunni. Mita ba ta gani, domin allurarta ba ta iya bin wannan sauri, tsakiya kawai take nunawa ta ce biyar. Rediyo ce ta ji. Na kunna gawayi na ɗumama ƙarfen dalma, na cire kafasitan na sa sabo. Fito ya ɗauke, akwati ya yi tsit cikin ranar nan. Na mayar da tsohon. Fito ya dawo.

Na zauna a ƙasa daɓas. Abu kamar ƙwayar gyaɗa. Shi ya kwashi gari guda ya watsa a gulbi, shi ya sauke hannun Iya daga wuyana, shi zai sa a yanka mutum kafin la'asar. Na yi ta maimaita innā lillāhi. Innarku ta tsuguna kusa da ni, na gaya mata a taƙaice. Sai ta ce:

"Ka san abin da za ka ɗauko wa kanka? Yanzu Jabbi suke nema. In ka buɗe baki, akwatinka na, hannunka ya haɗa shi. Yaya ba zai sake dubanka da idon rahama ba."

"Na sani."

"In ka sa sabon ka yi shiru, ba mai sani har abada."

Na ɗago na dube ta, ban taɓa jin irin wannan daga bakinta ba. Ita ma ni take kallo, kamar mai auna hatsi. Na ce mata in na yi haka da wace fuska zan tsaya gaban Allah. Sai ta miƙe ta je ta ɗage labulen ɗakinta. A ƙuryar gado matar Jabbi ce zaune da 'ya'yanta, sun cure wuri ɗaya, ko tari ba mai yi. Tun jiya ta tsallako da su ta katangar baya, an fara jifan gidansu. Ina cikin gidan nan ban sani ba.

"So nike in ji da bakinka," in ji innarku. "Tashi ka tahi, rana tana yi."

Na ɗora akwati da batir da ƙaho a baro na tura zuwa ƙofar gidan Maigari. Na tarar da taro ya riga ni. Samarin sintiri da bindigoginsu na gargajiya, dattawa a kan tabarmi, Yaya Mamman ya baro zaman makoki yana tsaye a gaba, idonsa ja. Na faɗi na yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, kafin a taɓa mutumin nan ina roƙon a ba ni ɗan lokaci. Ba shi ya danna ba. Jiniyar ce ta yi kuka da kanta."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce ƙarfe na kuka da kansa? Wani ya ce nawa aka ba ka? Maigari ya ɗaga hannu. Na ajiye akwatin a tsakiyar fili inda ba inuwa, na jona ƙaho, na ɗaga wayar makunni sama kowa ya ga ba ta haɗe da komai. Na ce kowa ya ja baya, ni ma na ja baya na naɗe hannu. A hanya akwatin ya sha iska ya huce, don haka bai yi komai ba. Muka tsaya. Zufa tana bin bayana har ƙafa. Wani ɗan gajimare ya zo ya tare rana, na ji kamar in yi ihu. Samari suka fara dariya, shugabansu ya ce Ranka ya daɗe ana ɓata muna lokaci, a ba mu mutumin. Biyu daga cikinsu har sun nufi ƙofar zaure. Na ce a raina, ya Allah, kai ka san gaskiya. Gajimaren ya wuce.

Sai ta ɗauka. Kuka mai yankewa yana dawowa, irin na jiya sak.

Abin da na gani ba zan manta ba. Mutanen da ke kallon akwatin da idonsu, sun ga ba mai taɓa shi, duk da haka rabinsu suka zabura da gudu. Wani dattijo ya bar takalminsa, wani saurayi ya yar da bindiga. A cikin gidaje mata suka fara kururuwa, sai da aka bi ana cewa gwaji ne. Haka tsoro ya mayar da mu. Na je na zare wayar batir. Na ciro ɗan kafasitan a gabansu na ɗora a tafin hannuna, na yi bayani gwargwadon iyawata. Na sa sabo, muka sake tsayawa a rana har inuwa ta karkata, bai ce ƙala ba.

Na ɗauka za a yi hamdala. Wallahi na ɗauka mutane za su rungume juna don Allah ya tsare su daga zubar da jinin maƙwabci. Amma ba haka aka yi ba. Yaya Mamman ya tako har gabana.

"Isiyaku, mi kake hwaɗa mini? Da bakinka kake ce mini abin da ka haɗa da hannunka shi ya kashe Iya?"

"Yaya, ajali ya ɗauki Iya. Amma jiniyar tawa ce, kuma Jabbi bai taɓa ta ba."

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya juya ya tafi. Aka buɗe ɗaki aka fito da Jabbi. Fuskarsa ta kumbura har ido ya ɓace, jini ya bushe daga kunnensa na hagu zuwa wuyan riga. Maigari ya ce masa an gano ba shi da laifi. Bai ji ba, sai da aka maimaita. A nan ne wani daga bayan taro, wanda na san muryarsa, wanda matarsa ke karɓar nono kyauta a gidan Jabbi, ya ce:

"To ko ba shi ya danna ba, ai dai nasu na."

Kuma ba wanda ya kwaɓe shi. Wannan ya fi girgiza ni a kan duk abin da ya faru a kwana biyun nan. Na gane ba gaskiya mutane suka fito nema ba, wanda za su sauke wa tsoronsu suke nema, ni kuma na ƙwace musu shi. Maigari ya jawo ni gefe ya ce ba zai iya lamunce ran Jabbi a garin ba. Na goya shi a babur na kai shi asibiti a Kaura, innarku ta fitar da iyalinsa cikin motar masu hatsi sun sha lulluɓi. Da ya warke ya koma wajen dangin matarsa ta Shinkafi. Kunnen nan bai sake ji ba.

Na je na ce wa Maigari zan mayar da jiniya, in sa kafasita mai jure zafi, in yi wa akwatin rumfa da ƙofofin iska, in riƙa dubawa kowane wata. Dattawa suka ce ba sa so. Daga nan shagona ya mutu. Ba wanda ya kore ni, ku riƙe wannan. Sai dai mutum ya wuce ni da rediyonsa a hammata ya kai Moriki. In na shiga sahu a masallaci na kusa da ni ya ɗan matsa. Yara suna kiran innarku matar abokin Fulani. Yaya Mamman ya sa aka raba gonar gado aka kafa iyaka da aduwa, in na gaishe shi sai ya amsa wa iska. Da aka yi girbi na kwashe kayana muka dawo Kaura Namoda, na kama wannan shagon da kuka sani, na koma inda na fara ina saurayi, da furfura a kaina. Na sha tambayar kaina ko da na sa wani irin kafasita tun farko, ko da na yi wa akwatin inuwa. Abin da ake samu a kasuwa na sa, irin wanda kowa ke sawa, kuma ban taɓa ganin ya yi haka ba sai ranar. Tun daga lokacin duk abin da na haɗa sai na gasa shi a rana da rediyo a gefensa kafin ya bar hannuna.

Abin da ba ku sani ba shi ne na bara. Ina shago da hantsi sai inuwa ta tare mini haske. Na ɗago, Yaya Mamman ne, ya rame, yana dogara sanda. Na rasa abin yi, na share masa benci. Ya zauna ya sha ruwa, ya tambayi innarku, ya tambaye ku ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, yana kallon ƙasa:

"Likita ya ce zuciyata ta kumbura. Ka san inda Jabbi yake?"

Ranar kasuwar Shinkafi muka shiga mota. A kara muka same shi, wajen masu tumaki, yana dillanci, ya tsufa shi ma. Ya gan mu ya tsaya cak da igiya a hannu. Muka gaisa. Yaya ya matsa kusa da shi ta hagu, ya sunkuyar da kai, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ko ni ban ji sosai ba. Ya daɗe yana yi. Jabbi yana tsaye yana kallon tumakinsa. Da Yaya ya gama, sai Jabbi ya juyo ya nuna gefen kansa da yatsa.

"Mamman, wanga kunnen ba ya ji. Kai ka sani. Zagayo ta nan ka sake hwaɗi, ka ɗaga murya, kasuwa ta cika."

Na ɗauka Yaya zai juya ya tafi. Dillalai sun fara waiwayowa, masu saye sun tsaya. Ya dube ni, ya dubi mutanen. Sannan ya dogara sandarsa, ya zagaya ta bayan tumakin a hankali, ya tsaya ta dama, ya cire hularsa, ya ɗaga murya har na bakin kara suka ji:

"Jabbi, na zalunce ka. Ka yahe mini."